Famfon Umma Bai Taɓa Ƙafewa Ba

Ranar Litinin

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa da uba, da fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka, ya Gwaggo da sauran mutanen gida? Tunda ka ce kai da waya haihata-haihata, wai aikin ruwa ya cinye maka kunne, ga ni na koma biro da takarda kamar mutanen da. Direban ofishinmu da ke bi ta wajenku shi zai miƙa maka, shi ne kuma zai karɓo amsa.

Wata uku ke nan da aka ɗora mini wani aiki a gidan ruwa. Ana so a san in bututu kaza ya fashe yau, gida nawa zai rasa ruwa, kuma ta wace hanya za a zagayo musu da shi. Na zuba taswirar layukan garin kaf a kwamfuta, ina fasa su ɗaya bayan ɗaya ina kallon inda zai bushe. Amma kai ka koya mini cewa takarda ba ta jiƙa maƙoshi, saboda haka duk abin da kwamfuta ta ce sai na fita na rufe bawul, wato makunnin da ke tare ruwa a bututu, da hannuna na gani.

Ko'ina lissafi ya fito daidai, sai unguwarmu ta kan tudu. Taswira ta ce bututu ɗaya tak ke hawa tudun nan, kuma shi ne za a rufe ƙarshen wata, a tone a canza sabo. Aikin sati biyu ne. In unguwar ba ta da wata hanyar ruwa, dole a jera mata motocin tankar ruwa tun kafin a fara. In tana da ita, shi ke nan, an huta. Oga sa hannuna kawai yake jira.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe muka rufe bawul ɗin gindin tudu. Ni na riƙe makulli, dama rufe hagu buɗe, kamar yadda ka sa na haddace tun ban iya ɗaura ɗankwali ba. Mitar bakin layin ta tsaya cak, ko ɗigo ba ya wucewa. Na hau gida don in ba Umma haƙuri, sai na tarar da ita tana ɗauraye kwanuka, famfo na zuba shaa. Na leƙa maƙwabta, duk haka. Awa shida layin ya yi a rufe, Baffa, tudu bai rasa ruwa ba.

Oga har da tafi. Ya ce, "Injiniya, ruwa dai ya zo, ina ruwanki da inda ya fito? Sa hannu mu wuce wurin." Umma kuwa ko mamaki ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Yo famfon nan ai tun tafiyar babanki bai taɓa ƙafewa ba." Ka san ta, komai da tafiyar Baba take auna shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, har yau ta ƙi a canza ƙofar gida don kada ya dawo ya ɓata.

To kai da shi kuka yi aikin layin nan tare, makulli ɗaya kuke saɓawa. Bayan ya tafi neman aikin da bai dawo ba, kai ka riƙe mu, kai ka riƙa kai ni makaranta a bayan kekenka. Babu mai rai da ya san cikin tudun nan kamar kai. Daga ina ruwan nan yake zuwa? Ba zan sa hannu a kan ruwan da ban san uwarsa ba, gida ɗari huɗu ne a can, har da Umma.

Ka amsa da wuri. In ka yi nawa, zan zo in buga maka ƙarfen gado sau biyu da cokali, irin wasan da kake mini ina ƙarama, biyu buɗe, uku rufe, har sai ka buɗe baki.

A gaida Gwaggo da kyau.

'Yarka,
Injiniya

Ranar Laraba

'Yata Injiniya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, Gwaggonki na amsawa. Ƙafa dai ga ta nan, yanzu ita ke ba da umarni ni ina bi.

Na karanta na yi dariya. Ku yaran kwamfuta kuna tsammani duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai ya nemi izini a taswira. Cikin garin nan hanji ne, 'yata. Akwai bututun da waɗanda suka binne shi sun rigaye mu gidan gaskiya tun kafin a ɗauke ni aiki. Wani ya haɗa layi da rana tsaka don ya sallami mai ƙorafi, ya manta bai gaya wa mai zane ba. Irin wannan ba ya ƙirguwa. In kin ce sai kin bi kowanne har gindinsa, furfura za ta riske ki a cikin rami.

Shawarata, a bar kaza cikin gashinta. Ki rubuta musu cewa ba ki tabbatar ba, su kawo tankokinsu, a yi aikin a gama. Tanka ba ta taɓa kashe kowa ba. Oganki zai yi fushin kwana biyu ya huce.

Sai dai kada ki sake rufe bawul ɗin gindin tudu. Tsohon layi ne, ba ya son wasa. Sandar sauraren nan tawa da na bar miki, wadda muke ɗorawa a kan ƙarfe mu kasa kunne mu ji tafiyar ruwa, ki bar ta a rataye inda take. Ta tsufa, ƙarya take yi yanzu. Za ta jiyar da ke abin da babu shi.

Na ce ba, ruwan da ya zo ranar nan, da sanyi? Ummanki ta sha? Tambaya ce kawai ta tsohon ma'aikaci, kada ki ɗauke ta da nauyi.

Ki rage yawo a rana. Ki gaishe mini da Ummanki, ki ce mata ina nan tafe in ƙafa ta yarda. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Tsohon Mai Makulli

Ranar Laraba ta sama

Baffa,

Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya. Na yi sati ban amsa ba don raina ya ɓaci, gara in faɗa maka. Anya kai ka rubuta takardar nan? Mutumin da ya taɓa sa ni tsayuwar awa uku a rana don in gano gidan da ke yoyo shi ne yau yake ce mini a bar kaza cikin gashinta? Haba Baffa.

Ga amsar tambayarka. E, da sanyi, kamar daga randa aka ɗebo shi. Umma ta sha, ta ce ai kullum haka yake, ranar da babban layi ya fashe ruwanta ya fi daɗi.

Ka yi haƙuri, ban ji maganarka ba. Jiya na sake rufe bawul ɗin, wannan karon awa goma, na maƙala agogon auna ƙarfin ruwa a famfon Umma na zauna a gabansa. Allurar sauka take yi a hankali, kowace awa kaɗan. In da wani layi ne ke ciyar da tudu, da ba ta sauka ba. Wannan ruwan ajiya ne, Baffa, a wani wuri yake kwance, kuma ƙarewa zai yi. Na lissafa, kwana huɗu ko biyar. Da na bi ta Oga na sa hannu, da a tsakiyar aikin unguwa za ta bushe ƙaf, ba tanka ba dalili.

Sandar ma na sauko da ita. Da azahar ne, rana tsaka, kajin Umma na tono a gefena, rediyon maƙwabta na ta surutu. Na ɗora bakinta a kan bututun tsakar gida na manna kunne. Da farko shuuu ɗin ruwa kawai na ji. Can sai ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ya yi shiru kamar na numfashi biyu, ya sake, sau uku. Na ce wa kaina iska ce ta shiga layi. Amma na san bugun iska, Baffa, iska ba ta iya ƙirga ba. Na yi kusan rabin awa a durƙushe, bai taɓa yin biyu ba, bai taɓa yin huɗu ba.

Na miƙa wa Umma sandar na ce ta ji. Ta ture ta da bayan hannu ta ce, "Ni sai da sanda? Na daɗe ina ji. Duk ranar da gari ya rasa ruwa yana yi, in ina kicin. Ɗebe mini kewa yake." Ta ci gaba da yankan albasarta.

Na bi bugun gida-gida ina hawa tudu, yana ƙara ƙarfi, har filin bayan makaranta inda ake buga ƙwallo. Akwai wani faifan kankare a gefen filin, wanda 'yan kallo ke zama a kai. Da na ɗora sandar a kansa, har cikin haƙorana na ji shi.

Yau da safe na shiga ɗakin tsofaffin taswirori, na sha ƙura har na gode Allah. Na samu wadda aka daina aiki da ita. A daidai filin nan akwai tsohon tankin ƙarƙashin ƙasa, an soke shi da jan biro, an rubuta a gefe, "An rufe bawul, an yanke layi." Sa hannunka ne a ƙasa. Rubutunka ko a duhu na san shi. Na kuma ga kwanan watan, satin da Baba ya tafi ne.

Ba a yanke layin nan ba, Baffa, kuma bawul ɗin a buɗe yake. Tankin yana cika in layi na da ƙarfi, yana mayarwa in ƙarfi ya faɗi. Mun gano murfin bawul ɗin a ƙarƙashin kwalta, taku ɗari biyu ƙasa da filin. Tankin da ba a leƙa cikinsa ba shekara talatin da ɗaya ba zan bar mutane su ci gaba da sha daga gare shi ba. Litinin mai zuwa zan rufe shi.

Juyi nawa ake yi wa bawul ɗin ya rufu? Me ya sa ka sa hannu a kan abin da ba a yi ba? Ina jin tsoro, ban ma san tsoron me nake ji ba. Don Allah ka gaya mini gaskiya.

'Yarka,
Injiniya

Ranar Juma'a

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na sa direbanku ya jira a ƙofar gida har in gama. Gwaggonki ba ta san abin da nake rubutawa ba. Babu wanda ya sani sai Allah, yau kuma sai ke.

Juyi arba'in da biyu ne. Amma ki ji ni da kyau kafin ki ɗora makulli: wannan bawul ɗin hagu yake rufewa. Shi kaɗai ne haka a duk garin, tsohon yayi ne tun kafin zamaninmu. In kika juya dama ba zai motsa ba, don can na kai shi ƙarshe.

Ranar Talata ce, bayan la'asar. An gama kwashe ruwan tankin, washegari magina za su zuba kankare a bakinsa. Aka tura mu mu biyu, ni da babanki, mu yi dubawar ƙarshe. Dogo muke ce masa a wurin aiki. Muka leƙa da fitila muka ga ruwa na tsattsafowa daga bakin bututu, alamar bawul bai zauna daidai ba. Dogo ya ce, "Kai sauka wajen bawul, ni zan shiga in gani. In na buga uku ka matse." Muka zura tsanin katako, don na ƙarfen tsatsa ta cinye shi. Zurfin tankin ya kai tsayin mutum huɗu. Ya sauka da sifana a aljihu yana tsokanata, wai in yi sauri yana so ya saya miki takalmi kafin a rufe shago.

Na sauka taku ɗari biyun nan. Daga wajen bawul ba a hango bakin tanki, katangar makaranta ta tare. Na ɗora makulli, na ji uku. Na juya dama. Ya tafi sumul, na ce a raina lalle wani ragon ma'aikaci ya bar shi a sake. Na sake jin uku, na ƙara. Bugun ya ƙara sauri, uku, uku, uku, na ce Dogo ya ƙosa, sai na ƙara sauri ni ma. Ina juyawa ina ƙirgawa, har ina jin daɗin ƙarfin hannuna. Na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata na ɗauka ruwa ne ke faɗa da ƙofar da ake rufe masa. A arba'in da biyu ya tsaya. Bugun ya ɗan ci gaba, sannan ya daina.

Na zauna a bakin hanya na miƙe ƙafa ina jiran ya sauko. Rabin awa na yi a zaune, 'yata. Na sayi rake na sha.

Da na gaji na hau, na haska fitila. Ruwa ya haura rabin tanki yana juyawa. Tsanin na yawo a kai, da hularsa. Na kira sunansa har muryata ta dushe. Na koma wajen bawul da gudu, na goge laka daga kansa da babban yatsa, sai ga kibiya a jikin ƙarfen tana nuna hagu. Shekara tara ina aikin nan a lokacin, ban taɓa duba kibiya ba, don na haddace. Abin da na haddace shi na koya miki.

Abin da ya kamata in yi na sani, in rufe, in ruga in kira mutane. Ban yi ba. Tsoro ya kama ni, tsoron ɗauri da tsoron idon Ummanki. Na koma sama na ja murfin ƙarfe na sa kwaɗo. Dama Dogo ya kwana biyu yana maganar zai tafi bakin teku neman aikin da ya fi wannan, har ya faɗa a gida. Na je na ce wa Ummanki ya samu mota ta gaggawa, ya ce zai aiko. Kina zaune a cinyarta kina wasa da maɓallin rigarta. Washegari na ce wa magina komai lafiya. Ni na riƙa ɗebo musu ruwan kwaɓa siminti.

Sau uku ina zuwa da makulli don in rufe bawul ɗin, hannuna ya ƙi. Daga baya na lura duk ranar da layi ya fashe famfon Ummanki ba ya ƙafewa, sai na riƙa gaya wa kaina Dogo ne ke kula da gidansa. Da wannan ƙaryar na rayu. Ranar da aka zo shimfiɗa kwalta ina tsaye ina kallo suka binne murfin.

Bugun kuwa na san shi. Na ji shi duk ranar da layi ya faɗi, har na yi ritaya. Mai ilimi zai ce sifanar ce ta maƙale a bakin bututu, in ruwa ya juyo baya sai ta riƙa bugawa. Wataƙila haka ne. Ni dai na san hannun Dogo. Kunnena kuma lafiyarsa ƙalau, wayar nake gudu, don in na ji muryarki ina jin tasa.

Ki jera tankokinki kafin ki rufe. Ba na neman gafara a takarda, ban kai ba. Duk abin da kika ga ya dace a yi da ni, ina zaune a gida, ba inda zan je.

Wassalam.

Baffa

Ranar Litinin

Baffa,

Assalamu alaikum.

Ban sa hannu ba. Tankoki shida na tsaye a unguwa tun safe.

Na rufe bawul ɗin tankin da ƙarfe goma, bayan mun rufe na gindin tudu. Na goge lakar na ga kibiyar. Hagu, arba'in da biyu, ban bar kowa ya taya ni ba. Yana bugawa uku-uku ina ji a hannuna ta jikin makulli, har juyin ƙarshe. Daga nan ya yi shiru.

Famfon Umma ya yi tari sau ɗaya ya ƙafe. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, har yanzu tana nan. Ban gaya mata komai ba.

Kafin in sauko na koma filin na ɗora sandarka a kan kankaren. Na daɗe ban ji komai ba, har zan ɗauke kunne. Sai ya buga. Biyu ne, Baffa. Na jira, ya sake, biyu. Kai ka koya mini ma'anarsa.

Magina za su fasa kankaren Alhamis da safe. Direba zai zo ɗaukarka Laraba, na ce a bar maka kujerar gaba saboda ƙafarka. Umma ta tambaye ni wa ya rufe mata famfo. Na ce mata Baffa na tafe, shi zai gaya miki tun daga farko.

Sai ka zo.

Injiniya,
'yar Dogo